Wasiƙa daga Makka: a fara rufe ƙofar da baƙo ke shigowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan sana'ata. Abin da nake gani a cikinta yana damuna, kuma ya shafi 'yan'uwanmu na nan Saudiyya da na gida baki ɗaya.

Ni mazaunin Makka ne. Aikina jan wayar intanet da haɗa rauta, wato akwatin da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, da kyamarorin tsaro a masaukan alhazai da shaguna da gidajen mutane, daga Misfala zuwa Jarwal zuwa Shara Mansur, wani lokaci har Jidda. Mafi yawan masu kirana Hausawa ne. Da Ramadan ya gabato, ko aikin Hajji, wayata ba ta hutawa, kuma buƙatar kusan ɗaya ce: a toshe. Mai masauki yana so a toshe bidiyo don baƙi sun cinye intanet. Magidanci yana so a toshe TikTok saboda yara. Mai shago yana so a hana yaran shago kallo. Kusan kowannensu wani ya riga ya gaya masa akwai wata lamba da ake rubutawa a cikin rauta, shi ke nan magana ta ƙare. Lambar ƙofa suke nufi, wadda mu masu aikin muke cewa fot. Tace zirga-zirgar intanet da wannan lamba aiki ne na gaske, kullum ina yin sa. Sai dai mutanenmu suna neman ta yi musu abin da ba za ta iya ba, sun kuma yi watsi da abin da take iyawa, alhali shi ne ya shafi mutuncinsu da dukiyarsu.

Duk na'urar da ke kan intanet tana da adireshi, kamar yadda imara, wato dogon bene, take da lamba a bakin titi. A cikin imarar akwai ɗakuna, kowanne da lambarsa da aikin da ake yi a cikinsa. Saƙo in ya taso yana ɗauke da adireshin imarar da lambar ɗakin da ya nufa, ita kuma rauta ita ce maigadin da ke bakin ƙofa. Lambobin suna farawa daga 0 zuwa 65535, kuma jeri biyu ne, na TCP da na UDP, wato hanyoyi biyu da ake aika saƙo da su. Daga 0 zuwa 1023 an ware su ga sanannun ayyuka, hukumar IANA ce ke riƙe da rajistarsu. Shafin intanet na tsohon yayi yana bin 80, wanda aka kulle saƙonsa yana bin 443. Mai juya sunan shafi zuwa adireshi, wato DNS, yana 53. Aika imel tsakanin manyan na'urori 25 ne, saita agogo 123, raba fayil na Windows 445. Abin da maigadin yake iya gani shi ne daga ina saƙo ya fito, ina za shi, wace lamba ce a jikinsa. Ba ya buɗe shi ya karanta.

A da, wannan ya wadatar. Kowace manhaja tana da lambarta. Masu sauke finafinai da BitTorrent suna bin 6881 zuwa 6889, sai ka rufe su ka huta. Masu rubuta manhajoji suka lura ana rufe musu hanya, suka koma bin hanyar da ba wanda zai iya rufewa. Yau kusan komai ta 443 yake wucewa, kuma a kulle.

Wani dattijo mai kula da masauki a Misfala ya ce da ni, “Ɗana, ni dai ka kashe min YouTube ɗin nan, an ce lamba ɗaya ce.” Na ce masa, “Baba Alhaji, ƙofar da YouTube ke bi ita ce wadda Nusuk, manhajar Hajji da Umara, ke bi, ita Absher ta hidimomin gwamnati ke bi, ita bankinka ke bi. In na rufe ta, alhajin da ke neman izinin shiga Rauda ba zai samu ba, kai ma ba za ka iya tura kuɗi ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce to ai wanda ya zo kafin ni ya rufe wasu lambobi kuma an biya shi. Na buɗe rautar na duba. Mutumin ya rufe dukkan UDP in ban da 53. Gaskiya ne bidiyon YouTube yana bin UDP 443 ta wata hanya da ake kira QUIC, amma in ka rufe ta waya ba ta ko gezau, sai ta koma TCP 443 ta ci gaba da kallonta. Wanda ya sha wuya shi ne mai kiran gida. Kiran murya da na bidiyo sun fi dogara da UDP, da yawansu ta 3478 suke nemo juna, in an toshe ko dai kiran ya ƙi shiga ko ya shiga yana yayyankewa. Agogon na'urori ma ya daina saituwa saboda 123 na cikin abin da aka rufe, kuma na'urar da agogonta ya kauce sosai shafukan da aka kulle sukan ƙi buɗe mata.

Wannan ne ke min ciwo, Malam Edita. Matasan da aka yi toshewar dominsu suna nan suna kallonsu. Hajiyar da ta sayar da akuyoyinta da gonarta ta zo sauke farali, wadda ba ta san komai a waya ba sai danna hoton ɗanta ta ji muryar jikoki, ita ce ke zaune a barandar masauki da dare tana cewa wayarta ta lalace. Tun watan Satumbar 2017 hukumar sadarwa ta ƙasar nan ta ɗage haramcin da ke kan wasu manhajojin kira, amma sai ga shi ɗan'uwanta Bahaushe ya mayar mata da haramcin a cikin masauki, ba da nufi ba, don kawai an gaya masa lamba ake rufewa.

Masu kafa VPN kuwa, wato manhajar da ke bi da saƙo ta wata kullalliyar hanya, ba a maganarsu. OpenVPN yana zuwa da 1194, WireGuard an saba sa shi a 51820, IPsec yana 500 da 4500. Rufe waɗannan zai hana wanda bai san komai ba. Yaro ɗan sakandare zai sauke manhajar da ke bin 443 cikin minti ɗaya.

Abin da ke maganin cinye intanet shi ne rabo. A ba kowace waya iyakar abin da za ta ja, misali megabit 2 ko 3, to mai kallo zai yi kallonsa da hoto marar nauyi, mai kira ya yi kiransa, ba wanda ya danne wani. Rautocin MikroTik da muke yawan sawa a masaukai suna yin haka da kyau, ƙananan na gida ma da yawa suna da shi. Batun tarbiyyar yara kuma ta hanyar suna ake bi, ba ta lamba ba. A nan gwamnati tana tace shafukan batsa da caca tun daga sama, amma a gida Najeriya da Nijar magidanci ne zai yi da kansa. Zai iya sa rautarsa ta riƙa tambayar suna a wurin masu tacewa, kamar 1.1.1.3 na Cloudflare ko 208.67.222.123 na OpenDNS. A wannan aikin lambar ƙofa tana da ɗan amfani: a tilasta duk tambayar 53 ta bi ta rauta, a rufe 853 wadda wayoyin Android ke amfani da ita su kauce. Duk da haka akwai masu tambayar sunan ta 443. Ina gaya wa iyaye wannan ƙarara, don kada uba ya biya ni ya tafi ya yi barci yana zaton na ɗauke masa nauyin da Allah Ya ɗora masa. Na rage hanya ne kawai.

Yanzu ga inda lambar ƙofa take da daraja, kuma nan ne ba wanda yake kirana dominsa.

Duk abin da na faɗa a sama na masu fita ne daga gida zuwa waje. Akwai masu shigowa daga waje zuwa gida. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da wata manhaja mai suna ZMap da ke ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan adireshin duniya cikin ƙasa da minti 45. Akwai kuma Shodan, wanda aikinsa tara jerin na'urorin da ƙofarsu ke buɗe, kowa na iya dubawa. Saboda haka maganar “wa ya san ni, me nake da shi” ba ta da wurin zama. Ba mutum ne ke zaune yana neman gidan wane ba. Na'ura ce ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana. Duk rautar da na buɗe littafin ajiyarta ina ganin ƙwanƙwasar, a 445 da ƙofofin sarrafa na'ura daga nesa irin su 22 da 23 da 3389, daga ƙasashen da maigidan bai taɓa jin sunansu ba.

Tarihi ya riga ya nuna mana abin da ke biyo baya. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta riƙa shiga kyamarori da akwatunan naɗar hoto da rautoci ta ƙofar 23 da 2323, da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda kamfani ke saka wa kaya kafin a sayar. Da na'urorin mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba aka kai hari ga kamfanin Dyn ranar 21 ga Oktoban shekarar, Twitter da Netflix suka ɗauke wa jama'a masu yawa a Amurka. Wani ɗan Birtaniya ya yi amfani da wani reshe na cutar ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, daga baya kotun Landan ta ɗaure shi a 2019. Reshen nan ne ya tsayar da rautoci kusan 900,000 na Deutsche Telekom a Jamus ta ƙofar 7547. A ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ta bi ta 445 ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. A 2018 kuma rautocin MikroTik ne, irin waɗanda ke rataye a masaukanmu, aka shiga ta 8291, ƙofar da mai gyara ke bi ya saita su. Kamfanin ya toshe ɓarakar a watan Afrilu, amma bayan watanni aka samu kusan 200,000 da ba a sabunta ba an mayar da su masu haƙo wa ɓarayi kuɗin kirifto, akasari a Brazil.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kyamara. Alhaji yana so yana zaune a Kano ko a Jidda ya ga shagonsa a waya, ko ya ga tsakar gidansa. Buƙata ce mai kyau. Mai haɗawa yana sauri, yana da wani aikin a wata unguwa, sai ya buɗe hanya a rauta kai tsaye daga waje zuwa akwatin naɗar hoto: 80 da 8000 da 554 in Hikvision ce, 37777 in Dahua ce. Ya sa kalmar sirri mai sauƙi don kada Alhaji ya manta ya dame shi da kira, lambar wayar maigidan ko shekarar haihuwa ko ɗaya zuwa shida. Ya karɓi riyalinsa ya tafi. Na shiga gidan wani bawan Allah gyaran waya na tarar da haka, kyamara ɗaya tana kallon falon mata, ɗaya tana kallon hanyar kicin. Gida ne na kulle, ni kaina sai da aka yi min iso, aka ce mata su shiga ciki, sannan na wuce. Amma hoton falon a buɗe yake ga duk wanda ya gwada kalmar. A 2014 an samu wani shafi da ya tara hotunan dubban kyamarori irin waɗannan daga ƙasashe daban-daban yana nuna su kai tsaye, da ɗakunan kwana da na jarirai, don kawai masu su ba su canza kalmar da kamfani ya saka ba. Da na nuna wa maigidan ƙofofin da ke buɗe a rautarsa, sai ya kama salati. Ya ce, “Malam, tun yaushe?” Na ce tun ranar da aka haɗa. Mu mutane ne da ba a shiga mana gida sai da sallama. Ban ga dalilin da za mu kashe kuɗi mu saka wa iyalinmu ido a ka, sannan mu bar makullin a hannun duniya ba.

Ga yadda nake yi, kuma duk mai gyara na gari haka zai yi. Dokokin tacewa a jere suke, rauta tana karantawa daga sama, ta farko da ta dace da saƙo ita ke aiki, don haka tsarin jerin shi ne rabin aikin. A sama ina sa dokar da ke barin amsar abin da na cikin gida ya nema ta dawo. Wannan wajibi ne, domin waya in ta fita neman shafi, wata babbar lamba take ɗauka na ɗan lokaci a matsayin adireshin dawowa, wanda ya rufe manyan lambobi a makance ya rufe amsoshin kansa. A ƙasa kuma ina sa dokar da ke watsar da duk saƙon da ya zo daga waje ba wanda ya gayyace shi. Tsakaninsu sai abin da maigida ya san da shi kuma yake buƙata, galibi ba komai. Shafin saita rauta, ko 80 ne ko 22 ko 23 ko 8291, ba a barinsa ya amsa wa waje. In Alhaji yana son ganin kyamararsa daga nesa, ƙofa ɗaya nake buɗewa ta VPN na kansa mai makulli, ya shiga ta nan sannan ya ga kyamarar kamar yana cikin gida. Ina kashe UPnP, wani tsari da ke ba kowace na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa a rauta ba tare da ta tambayi kowa ba. Sau da yawa maigida bai buɗe komai ba, kyamarar ce ta buɗe da kanta.

Wasu za su ce su layin waya suke amfani da shi, kamfani ya haɗa su da mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, ba mai iya iso su. A tsohon tsari haka ne sau da yawa. Amma sabon tsarin adireshi, IPv6, ya yaɗu sosai a nan Saudiyya, kuma a cikinsa kowace na'ura tana iya samun adireshinta na kanta da ake gani daga ko'ina. Rautoci da yawa jerin dokokin IPv6 daban yake da na IPv4. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya bai gama ba.

Akwai lambobi kaɗan da nake rufewa ga masu fita, su ma don kare gida ne. Ina rufe 25, domin kwamfutar baƙo mai cuta tana iya kwana tana aika saƙonnin damfara da adireshin masauki, har a sa adireshin a jerin waɗanda ake ƙi. Imel na mutanen kirki ta 587 ko 465 ko 443 yake fita, ba abin da zai same shi. Ina rufe 445 da 139, don raba fayil na Windows ba shi da abin yi a wajen gida. Sannan ina raba hanyar baƙi da ta ofis, kuma wayar baƙo ba ta ganin ta ɗan'uwansa. Masauki ɗaya yana ɗaukar mutane daga ƙasashe goma, kwamfutar ofis kuma cike take da hotunan fasfo da biza na alhazai. A watan Agustan 2012 cutar Shamoon ta goge kwamfutoci kusan 30,000 na Aramco, kuma da ta samu shiga, daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta riƙa bi a cikin kamfanin. In haka ta faru da kamfanin da ke da ma'aikatan tsaro na musamman, mai masaukin da ya haɗa fasfon baƙinsa da wayoyin baƙinsa a hanya ɗaya ya ɗauki amanar da ba ya tsarewa.

Ina kira ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, na nan da na Farm Centre a Kano da na Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, mu ji tsoron Allah a kan abin da mai kaya ba ya gani. In an ce ka toshe abin da ka san ba ya toshuwa da lamba, ka faɗi gaskiya ko da aikin zai kuɓuce maka. In ka buɗe ƙofa daga waje, ka gaya wa maigida ka buɗe, ka gaya masa dalili. Masu wuraren shiga intanet da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da makarantun Islamiyya da suka fara sa kyamara, su ma maganar tasu ce.

Shi kuma maigida ba sai ya koyi aikinmu ba. Kafin ya biya, ya sa mai gyara ya rubuta masa a takarda waɗanne ƙofofi ne a buɗe daga waje, kowacce ta mece ce. Ya sa a canza kalmar sirrin rauta da ta kyamara a gabansa, shi ya zaɓe ta, mai tsawo, ba lambar wayarsa ba. Ya tambaya yaushe aka sabunta manhajar cikin rautar. In an ce masa kamfanin ya daina fitar da sabuntawa ga irin tasa, ya sayi wata, kuɗinta bai kai na kyamara ɗaya mai kyau ba. Wanda kuma yake da kyamara a ɓangaren mata kuma bai san yadda aka haɗa ta ba, ya zare wayar da ta haɗa akwatin naɗar hoton da rauta yau ɗin nan. Akwatin zai ci gaba da naɗa a cikin gida, kallon nesa ne kawai zai tsaya har a samu wanda zai duba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku,
wani mai haɗa intanet da kyamara a Makka, Saudiyya.